Rijiyar Ruwan Baba

Akwai bayin da Allah ya cika musu mudun baki, sa'an nan ya rage musu na kunne. Sha'aibu Na-Tasha, mutumin Tungar Ɗunya da ke tsakanin Kasuwar Daji da Sakajiki, yana sahun gaba a cikinsu. Da ƙuruciya ya zauna tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, inda aikinsa bai wuce riƙe bakin tiyo ba idan za a ɗura wa kan jirgi ruwa. Daga wannan riƙon tiyo ya dawo gida da yaƙinin cewa duk faɗin Zamfara babu wanda ya san halin ruwa kamarsa, har ya naɗa wa kansa Sarkin Ruwa ba tare da ya wahalar da kowane hakimi ba.

Ruwan kuwa da Tungar Ɗunya ke sha, na wani tafki ne mai nisa, wanda mutane da shanu suke tarayya a kansa ba tare da an raba gado ba. Kowace shekara kurkunu yakan kwantar da rabin gari. Matar Sha'aibu kanta, Lubabatu, da ɗingishi take zuwa tafkin, tulu a ka, tsumma ɗaure a ƙafa.

A ranin da ya biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a sabuwar jiha, lokacin da kowane namiji ya saki gemu, farin yadi kuma ya yi daraja a kasuwa, wata ƙungiyar taimako ta sauke siminti da ƙarafa a ƙofar Maigari Muhtari. Sharaɗin a fili yake. Kayan na rijiya ɗaya ne tak, gari ne zai zaɓi wuri ya yi aikin, in ta lalace kuma babu ta biyu.

Aka taru a ƙofar Maigari domin zaɓen wuri. Kowa ya kawo hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa ruwa yana kwance ne daidai ƙofar gidansa. Sha'aibu ya miƙe, ya gyara hula.

"Jama'a, ku yi mani shiru. Wanda ya shayar da jirgi ba shi kasa shayar da ƙauye. Ruwa na nan bisa tudun bayan gidana."

Mudi, taubashinsa, wanda al'ada ta ba lasisin faɗa masa kowace irin magana, ya ce, "Bisa tudu? Mu dai mun san ruwa gangara shi kai. Ko naka na tasha hawa shi kai da tsani?"

"Kai da ko randa ba ka iya cikawa, mi kas sani ga ruwa?"

Aka tashi ba a tsai da magana ba.

Washegari da hantsi Sha'aibu yana bisa tudun yana zana da'ira da sanda, sai ga Goggo Hindu, wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, wadda ta girmi kowa a yankin. Ta tsaya ta dube shi.

"Shaibu, mi kake zane?"

"Rijiya za mu gina, Goggo."

"Nan? Kai yaro, nan ruwan baba za ka samu."

"Ruwan wa?"

"Ruwan baba, na ce. Ƙasan nan duk shi ne. Da idona na gani tun ina ƙarama."

Ta gyara ƙwaryarta ta wuce, domin ranar ce rugarsu za ta tashi zuwa bakin gulbi cin rani.

A nan dole a yi bayani. Tun kafin a kafa Tungar Ɗunya ta yanzu, wasu marina sun zauna a tudun nan, suka gina ramukan rini, suka yi zamaninsu suka watse, ƙasa ta rufe ramukan da abin da ke cikinsu. Baban da Hindu take nufi shi ne ganyen nan da ake rina tufafi shuɗi da shi. Bahaushe yana raba wannan baba da Baba mahaifi ta hawa da saukar murya kawai, harshen Hindu kuwa bai taɓa damuwa da wannan hawa da sauka ba. Kunnen Sha'aibu ma dai ba mai tantancewa ba ne, abin da ya fi masa daɗi shi yake ɗauka.

Kafin rana ta take, ya isa zauren Maigari yana haki.

"Ranka shi daɗe, magana ta ƙare! Fulani, waɗanda sunka san makwancin ruwa ko'ina cikin daji, sun shaida. Goggo Hindu ta ce ruwan Babana na nan ƙasan tudu. Marigayi ya bar mani gado ban sani ba!"

Maigari ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. An ambaci mamaci, an ambaci tsohuwa. Babu wanda ya ce a bi Hindu a sake tambayarta, domin a wurinmu tambaya ta biyu tamkar ƙaryata mutum ce, kuma mun gwammace mu faɗa rami da ladabi da mu tsallake shi da rashin kunya. Aka shafa fatiha a kan tudu.

Lubabatu ce kaɗai ta yi magana, ita ma a cikin gida.

"Malam, Baba dai da na sani, Allah shi jiƙan shi, jakai ya saya ya sayar. Ko ramin shuka ban taɓa ganin ya gina ba. Ina ya samo ruwa ya ɓoye?"

"Ke Luba, manya ba su faɗa wa surukai asirinsu."

"To. Ni dai ƙafata ta gaji da hanyar tafki. In kun ɓata simintin nan, kai za ka gaya mata."

Aka fara gina. Sha'aibu bai taɓa diga ba, domin a cewarsa direba ba ya tura jirgi. Ya fito da wani tsohon usur da ya zo da shi daga tasha, ya kafa doka: busa ɗaya a sauke kwando, busa biyu a ja, kuma duk wanda ya ja igiya ba da jin usur ba an kore shi daga aikin. Mazan gari suka karɓi dokar da murna, don ta ba aikin kamannin na gwamnati.

Da aka yi nisa, jar ƙasa ta ƙare, kwando ya fara fito da wata baƙa mai sheƙi kamar wuyan tattabara. Mudi ya damƙa ya sansana.

"Sarkin Ruwa, wannan ƙasa ce ko bayan tukunya?"

"Jahilci dai cuta ne. Inuwar ruwa ce. Duk ruwa mai zurfi sai ya yi inuwa bisa kanshi."

Wani ya ce lalle ya taɓa jin haka a rediyo. Aka ci gaba.

Ba a jima ba diga ta fara ƙara a gefe guda. Masu gina suka share, suka tarar da wani bango mai santsi, lanƙwasasshe kamar cikin tulu. Gefen tsohon ramin rini ne, wanda marinan dauri suka shafe da laso, wato simintin gargajiya, ya bushe ya zama kamar dutse. Suka ce a kauce masa a yi ƙasa. Sha'aibu ya ce ina, ai wannan ita ce ƙofar da Baba ya rufe ruwansa da ita, kuma ba hannun da ya cancanci buɗe ta sai na magaji.

Aka ɗaura sanda a bakin igiya ya zauna a kai, da babbar riga da hula, guduma a hannu, usur a baki. Tun daga rabin hanya igiya ta fara juyi da shi kamar mazari.

"Ku tsai da ita!"

Mudi ya leƙa ya ce, "Busa nawa ne na tsayawa? Ba ka koya muna ba."

Da ƙyar ya dira. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na sama za su ji, ya ce, "Baba, ga ɗanka ya zo karɓar amana!" Ya kai wa bangon duka. A bugu na farko gudumar ta dawo ta gaishe da gwiwarsa. Ya ƙara, ya ƙara. Can sai bangon ya buɗe baki, wani baƙin taɓo mai sanyi, wanda ya shekara aru-aru yana jiran mai tsautsayi, ya kwararo masa tun daga hula har ƙugu.

"Ku ja! Ku ja ni!"

Ba wanda ya motsa.

"Mudi! Don Allah ku ja!"

"Ba mu ji usur ba, Sarkin Ruwa. Kai kac ce wanda ya ja an kore shi. Ni kuwa ina son aikina."

Sha'aibu ya hura usur da iyakar ƙarfinsa, usur ya tofo masa taɓo a ido. Sai da ya rantse ya soke dokar, da shaidu, kafin aka jawo shi. Ya fito ba a ganin komai a jikinsa sai fararen idanu, amma kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa bakinsa ya riga ya kama aiki.

"Kun gani? Baba ya rungume ni."

Taɓon ya fita da wanka, aka manta da shi. Ƙasa da wurin kaɗan kuma aka cim ma idon ruwa na gaskiya, ya ɓuɓɓugo. Ran nan Tungar Ɗunya ta yi murna ta haƙiƙa, mata suka yi guɗa daga bayan danga, Lubabatu ta zauna ta dubi ƙafarta ta yi hamdala. Aka ɗaure rijiya da siminti tun daga ƙasa har baki, aka ƙarar da shi kaf. Wuri ɗaya kawai Sha'aibu ya hana a toshe, wato ɓarakar da ya fasa da guduma, domin a cewarsa ba a rufe wa uba ƙofa.

Ruwa ya taru ya haura ɓarakar, ya shiga tsohon rami ya jiƙa abin da ke ciki. Ba a daɗe ba wani wari ya fara tasowa, irin wanda ke sa jaki ya sauya hanya.

Lubabatu ta ce, "Malam, wani abu ya mutu a rijiyarka."

"Ba abin da ya mutu. Ruwa ne ya daɗe a rufe, bakinshi ke wari kamar na mai azumi. A tasha toka muke zuba mashi."

A tasha ba a taɓa zuba wa ruwa toka ba, amma wa ya je tasha? Ya bi gida gida, kowace mace ta kwashe murhunta ta bayar. Aka juye. Wari ya ƙaru. Ya ce tokar ta yi kaɗan, a kawo kanwa. Aka kawo, har da ta shanun Maigari. Ya samo wata doguwar gora ya haɗa da wata, safe da yamma yana tsaye yana motsa rijiya, wai yana tashe ta daga barci. Daga nan ya sa aka yi mata murfin katako ya garƙame da kwaɗo, ya ce ba mai ɗiban ko moɗa guda sai Hakimi ya zo ya buɗe da hannunsa. Da wani marini zai tashi daga kabari ya ga baba da toka da kanwa da motsawa da rufewa a cikin zafin bazara, da ya sa wa Sha'aibu albarka, don ba a tsallake ƙa'ida ko ɗaya ta sana'ar ba.

Mata suka ci gaba da wuce rufaffiyar rijiya da tuluna, suna toshe hanci, suna nufar tafki.

Ranar buɗewa ta zo. Hakimi ya iso da jama'arsa, dattijo ne mai farin gemu har ƙirji, cikin farar riga da farin rawani. Baƙi suka zo daga Zurmi da Shinkafi, har da masu niyyar ɗaukar Sha'aibu ya je ya duba musu nasu wuraren. Ba kiɗa, saboda zamani ya hana, amma an yi shimfiɗa, maza a gaba cikin fararen kaya kamar an zubar da auduga, mata can gefe bayan igiya. Aka shirya cewa da ruwan sabuwar rijiya za a yi alwalar azahar.

Sha'aibu ya miƙa mabuɗi da hannu biyu. Hakimi ya buɗe, ya ja da baya taku guda ba tare da ya yi niyya ba. Aka jefa guga aka jawo. Ruwan ya fito tsanwa-tsanwa, kamar romon kuka da aka tsinka, da wata kumfa mai walƙiya a kansa.

Hakimi ya ce, "Malam Sha'aibu, haka launinshi yake?"

"Ranka shi daɗe, ruwan gado ke nan. Farin ruwa ai na kowa da kowa ne."

Hakimi ya juya ga Liman Alhassan. "Malam, mi littafi ya ce?"

Liman ya yi gyaran murya, don ya daɗe bai samu taro irin wannan ba. Ya bayyana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita ba a tsarki da shi, sai fa in abin da ya jirkita shi daga mazauninsa ne, kamar ƙasar da yake kwance a kai. Maganarsa daidai ce, ba ta da aibi. Saura tambaya guda, shin an zuba wani abu daga waje? Liman bai yi ta ba, domin tokar gidansa ta fi ta kowa yawa a ciki. Sauran mazan gari kuma kowa ya shiga gyaran hularsa.

Aka cika butoci da ƙore. Hakimi ya fara. Da ya kurkure baki sai fuskarsa ta tattare kamar ya tauna ɗanyen maɗaci, amma da ya ga idon jama'a a kansa sai ya daure ya ce, "Ma sha Allah." Tun da babba ya ce haka, kowa ya kurkura ya ce ma sha Allah, hawaye na zuba. Aka wanke fuska, aka tsefe gemu da yatsu yadda ruwa zai ratsa, aka shafi kai, ruwa na ɗiga a gaban riguna. Sha'aibu kuwa ya ce shi magaji alwala ba ta ishe shi ba. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga guga cike ya juye a kansa, ya sa aka ƙaro ya sake, ya kuma sakewa.

Sa'an nan, yana ɗiga, ya fara jawabi kafin a ta da salla.

Abin da marina suka sani, mutanen Tungar Ɗunya ba su sani ba, shi ne ruwan baba ba ya nuna halinsa a cikin rami. Tsanwa yake fitowa. Sai ya sha iska yake komawa shuɗi.

Sha'aibu yana cikin ba da labarin yadda wani Bature ya taɓa roƙonsa ya bi shi ƙasarsu ya gyara musu teku, sai ya lura gemun Hakimi ya yi wani duhu-duhu. Ya ɗauka inuwa ce. Ya ci gaba. Da ya sake dubawa, gemun ya zama kamar an tsoma shi a shuni, leɓɓa sun bi sahu, gaban farar riga ya yi zane-zane. Ya dubi Liman, Liman ya fi Hakimi. Ya dubi Maigari da baƙin Zurmi da na Shinkafi, sahu guda na shuɗɗan fuskoki suna kallonsa.

Abin da ya tsawaita al'amarin shi ne ba mai ganin fuskar kansa. Kowa yana ganin ta maƙwabcinsa, yana danne dariya, yana tausaya masa a zuci. Liman ya sunkuya wajen Hakimi cikin ladabi.

"Ranka shi daɗe, kamar wani abu ya ɗan taɓa gemunka."

Hakimi ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, ka fara da naka."

Mudi ne ya fasa ƙwai. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi Sha'aibu wanda ya rine tun daga hula har ɗan yatsa kamar sabon turkuɗi, ya ce, "Sarkin Ruwa, ashe Baba Buzu ne ba ka faɗa muna ba?"

Daga bayan igiya dariyar mata ta tashi gaba ɗaya, domin su ba a ba su ruwan ba, an ce sai maza sun gama. A cikinsu akwai Goggo Hindu, wadda ta zo daga bakin gulbi da nononta saboda ta ji ana taro. Ta ratsa igiya ba ta nemi izinin kowa ba, ta leƙa guga.

"Yawwa. Ai na gaya mashi."

Sha'aibu ya yi kanta. "Goggo, ba ke kinka ce ruwan Baba na nan ba?"

"Na ce. Ga shi kuwa a jikinka."

"Baba kinka ce!"

"Baba na ce!"

"To ai shi na ce!"

Da sun kwana a haka, sai Lubabatu ta ɗingiso ta tsaya tsakaninsu. Ta kama gefen tsohon shuɗin zanen da Hindu ke ɗaure da shi, ta ɗaga a gaban idon mijinta, ta furta kalmar sannu a hankali, da muryar da Bahaushe ke kiran ganyen rini.

"Wannan baban, Malam. Ba surukina ba."

Sha'aibu ya buɗe baki. Karo na farko a tarihin Tungar Ɗunya, ba abin da ya fito sai shuɗin harshe.

Liman ya ce a gaskiya alwalar nan sai an sake ta, ga lokaci yana tafiya. Aka tambayi inda wani ruwa yake. Babu, sai tafki. Haka Hakimi da baƙinsa da mazan gari suka jera cikin rana, suka taka hanyar da mafi yawansu ba su taɓa takawa ba, mata na biye suna nuna musu inda ƙaya take. Da suka isa suka tarar da shanu tsaye a ciki har gwiwa. Hakimi ya ɗebi ruwan a tafin hannu, ya ga abin da ke iyo a ciki. Aka yi alwala, aka yi salla a bakin tafki. An cuɗa fuska da yashi har ta yi zafi, shuɗi ya ce yana nan.

Bayan sallama Hakimi ya ce, "Maigari, siminti ya rage?"

"Ko na shafa wa tulu babu, ranka shi daɗe."

"Ni kuma ba ni da fuskar da zan koma in roƙo wani." Ya shafa gemunsa, ya dubi hannun. "Ga ta dai kuna gani."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mata suka dubi tafkin da za su ci gaba da sha. Lubabatu ta durƙusa daga inda take.

"Ranka shi daɗe, a ba mu rijiyar, tun da ba ta shayuwa. Mu rina zane da ita mu aika kasuwar Shinkafi, mu sayi siminti. Amma wuri mu za mu zaɓa, mu da ke ɗaukar tulu. Gina kuwa ba aikinmu ba ne."

Hakimi ya ce, "An ba ku. Gina kuma ga hukuncinta. Ba Sha'aibu kaɗai ya yi wannan aiki ba, da mai faɗa da masu amin duk ɗaya ne, kuma Allah ya sa wa kowa alama daidai laifinshi. Duk namijin garin nan da shuɗi ya kama, shi riƙa gina har ranar da launin ya sake shi."

Mudi ya ce, "Ranka shi daɗe, har da baƙi?"

"Ni zan fara sara na farko. Kai kuma za ka yi na biyu, don bakinka."

Mata suka zaɓi wani kwari kusa da hanya, bayan sun tambayi Hindu, suka sake tambayarta, suka kuma sa ta nuna da hannu. Aka fara gina ba usur. Masu ɗan shuɗi a yatsu suka fita da wuri. Masu gemu suka biyo baya, wasu da taimakon aska. Kowace safiya akan taru a duba fuskoki a sallami wanda ya washe, har aka wayi gari ba wanda ya rage a cikin rami sai Sha'aibu, wanda guga uku suka ratsa shi har bayan kunne. Mata ke jan kwando, shi ke ƙasa da diga, ba riga ba hula.

Wata ranar da hantsi suka ji sara ya tsaya. Can sai muryarsa ta taso daga zurfi.

"Luba! Ruwa! Ku shaida, ni Sarkin Ruwa, ni na fara..."

Lubabatu ta leƙa. "Wane launi, Malam?"

Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya duba. Sa'an nan aka ji ya ce, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba:

"Fari ne. Amma ku dakata tukuna, kada ku faɗa wa kowa. Bari shi sha iska."